Karan Awo Daga Gidan Kansila

Ni makanikin injin ban-ruwa ne. Da shi nake ci, da shi na aurar da 'ya'ya. Haƙar kabari kuwa ba sana'a ba ce a garinmu, ba a biyan kowa, ba kuma wanda ya taɓa tambaya. Mu 'yan tsiraru ne muka ɗaukar wa kanmu: ni, da wani masunci, da mai shayin bakin tasha, da wani malamin firamare da ya ajiye aiki, sai wani tsoho da muke kira Baba, wanda makullin makabarta ke hannunsa tun ina yaro. Idan aka yi rasuwa ba a dogon bayani. Wani daga gidan zai zo da karan dawa wanda aka auna tsawon mamacin da shi, ya miƙo maka. Da ka hango mutum ya doso rumfarka da kara a hannu, sai ka ajiye sifana ka ɗauki diga.

Garin namu ƙarami ne, yana gefen kogin Haɗeja, a inda ruwa ke bin hanyar da ya ga dama. Makabartarmu rabi tana kan tudu, rabi ta gangara kwari wajen fadama. Ƙa'idar da muka tarar ita ce layi. Inda aka tsaya jiya, nan za a ɗora yau, ba a zaɓar wa kowa wuri. Haka ake faɗa dai. Amma in babban mutum ne, ko uwarsa, akan kawar da kai a lalubo masa gurbi a tudu. Ni ma na sha haƙa irin wannan ban ce komai ba.

Da Inna, mahaifiyata, ta rasu, layi yana kwari. Mai bandar kifi ce, rayuwarta duk a hayaƙi ta ƙare, har idanunta suka daina gani sosai. Ba ta da wani babba da zai sa a kawar da kai dominta, ni kuma ban nema ba. Abokan aikina suka hana ni riƙe diga ranar, suka ce in zauna. Da aka gama rufe ta na koma rumfa na yanko guntun bututun ban-ruwa, shuɗi, na kafa a wajen kanta. Wasu suna sa fasasshiyar tukunya, wasu langa-langa, ni abin da nake da shi ke nan. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai na biya. Tun daga ƙofa nake hango shuɗin nan, in nufe shi kai tsaye, in tsaya in yi mata addu'a, wani lokaci har in ba ta labarin gida kamar tana ji.

Kansilan mazaɓarmu kuwa tare muka tashi. Tare muka yi iyo a kogi, tare aka zane mu. Uwarsa ƙawar Inna ce, Yakumbo nake ce mata, na ci tuwonta ba adadi. Da ya shiga siyasa ya yi tumbi ya fara sa hula a karkace, sai ya zama Honorabul. Ban taɓa yi masa baƙin ciki ba, Allah shi ne shaida. Ni na zaɓe shi ma, da wannan babban yatsan nawa.

Shekarar da aka yi babban ruwa, tun marka ba ta kankama ba masunta suka fara cewa kogin nan bai yi musu ba. Kachala, ciyawar nan mai tsayi da ta addabe mu, ta toshe hanyoyin ruwa, shi kuma yana ta neman inda zai ɓulle. Aka tara mu a filin firamare. Honorabul ya riƙe lasifika ya ce ƙaramar hukuma ta ba da buhuna da tifofin ƙasa, saura ƙarfin jama'a, a fito aikin gayya a ɗaga jinga. Aka raba gari. 'Yan ƙwallo suka ɗauki bayan kasuwa, wasu suka ɗauki bakin gada, mu masu haƙa da duk wanda ke da nasa a kwance aka ba mu gefen makabarta. Har tafi aka yi masa.

Mun yi aiki, wallahi mun yi. Kwana da kwanaki muna cika buhu. Na rufe rumfa a lokacin da manoma suka fi nemana. Tafin hannuna ya yi kanta, kantar ta fashe ta sake fitowa. Baba ba ya iya ɗaga komai, sai ya zauna yana riƙe mana bakin buhu. Masuncin nan shi ke ɗaurewa, da wani irin ƙulli nasa na bakin koma wanda ba ya kwancewa. Mata suna aiko da kunun tsamiya da ɗanwake daga gidaje, har da gidan Yakumbo. Muka tara buhunan nan a ƙofar makabarta suka yi tsauni, da shirin washegari mu fara jera su a kwari, don sai da muka fara share gindin wurin muka daddaɓe.

Da safe na iso da shebur a kafaɗa, sai na tarar da a-kori-kura ta juyo da baya, wasu ƙarti suna loda buhunanmu. Honorabul yana tsaye a gefe cikin farar shadda yana danna waya.

Na ce, "Honorabul, lafiya? Ina za a kai mana buhuna?"

Ya ce, "Umarni ne daga sama. Manyan baƙi za su zo duba shirin ambaliya, ta bakin gada za su biyo. Dole su ga aiki."

"To su ƙaraso nan su gani mana. Nan ma aiki ne."

"Motocinsu ba za su shigo wannan caɓin ba. Jibi za a kawo muku wasu buhunan, ka kwantar da hankalinka."

Kowa a garin nan ya san abin da ke bayan gada. Injin casar shinkafarsa ne da sitonsa. Na dafe buhun da wani ƙato ya sunkuya zai ɗauka, na ce ba inda za shi. Na ce ruwa yana gab da bakin fadama, ko yaro ya duba ya san ba zai kai jibi ba. Na ce Inna tana can ƙasa, kai ka san ta, ta goya ka.

Sai ya yi 'yar dariya, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Haba ɗan'uwa. Waɗanda ke kwance a nan ai ba su san ana ruwa ba."

Yaransa suka kwashe da dariya. Ban san lokacin da shebur ya bar kafaɗata ba, sai ji na yi Baba ya riƙe mini wuyan hannu da 'yan yatsunsa marasa ƙarfi, yana cewa, "Kul! A ƙofar makabarta kake." Don shi na sauke. Muna tsaye suka yi ta sawu har suka kwashe tas, ko buhu ɗaya ɗan banzan nan bai bar mana ba.

Jibi ta zo, ba buhu ba dalilinsa. Muka bi gida-gida muna roƙon tsofaffin buhunan taki da na siminti, wasu duk sun ruɓe, kana ɗagawa gindin na zubewa. Abin da muka jera bai kai gwiwa ba.

Ranar kasuwa ruwan ya shigo, da hantsi, rana tarwai, ko ɗigon yayyafi babu. Ya taho ta fadama a hankali, ja-ja, yana tafe da tarkace. Ya iso 'yar jingarmu ya ɗan tsaya, sannan ya haye. Muna kan tudu muna kallo. Na ga ya zagaye bututun Inna, ya kai rabinsa, ya kai wuyansa. Can sai bututun ya karkata ya kwanta. Na zabura zan shiga, mai shayi da malam suka rirriƙe ni, ina ta zage-zage, har da su na zaga. Masuncin nan ya durƙusa ya rufe fuska, 'ya'yansa biyu suna binne a kwarin nan.

Ruwan ya daɗe bai janye ba. Da ya janye muka shiga, kwari ya zama shafe, laka ce kawai shimfiɗe, wani wurin ya rufta, wani wurin ya zaizaye. Ba tukunya, ba langa-langa, ba tudun kabari ko ɗaya. Abin da muka tsinta a cikin kachala ba zan faɗe shi ba. Mun tattara wanda Allah ya sa muka gani, muka naɗe a farin yadi, muka haɗa a rami guda, ba mu san wane ne wane ba. Ko Inna tana cikinsu, ko tana nan ƙarƙashin laka inda muka sa ta, ko ruwa ya yi gabas da ita, ban sani ba har yau.

Ƙanwata da ke aure a Malam Madori ta kira ni a waya. Ta ce, "Yaya, an ce ruwa ya shiga makabarta. Inna fa?" Sai na kashe wayar. Bayan wasu kwanaki wani manomi ya zo rumfata da bututun nan, ya ce ya tsinta a gonarsa, ya ga irin nawa ne, ko zai yi mini amfani. Na karɓa na yi masa godiya, na soke shi a rufin rumfa daidai inda in na ɗaga kai zan gan shi.

Injin casar Honorabul ko ƙofarsa ruwa bai taɓa ba. Baƙin ma sun zo, sun tsaya a bakin gada, an ɗauki hoto. Da zaɓe ya zagayo, sai ga hoton a bango ko'ina, shi a tsaye da hular kwano, ya ɗora ƙafa a kan buhu. Na matsa kusa na duba, sai ga ƙullin masuncinmu a bakin kowane buhu. Aka sake ba shi kujerar. Kada ka tambaye ni yadda aka yi.

Mun bi hanyar da ake cewa a bi. Muka sa manyan riguna muka tafi sakatariya, ni da Baba da malam, neman abu biyu: a yi wa makabarta jinga ta gaske, ko a yanka mana sabon fili a tudu. Muka zauna a benci har gindinmu ya mutu. Yau a ce ciyaman ya tafi Dutse, gobe a ce yana mitin, jibi a ce ya shigo amma ta ƙofar baya ya fita. Masinja har ya saba da mu, yana tambayar Baba ya ƙafa. Ranar da muka samu shiga, ciyaman ya yi salati ya yi juyayi, ya ce wannan magana ce babba, za a kafa kwamiti. Aka kafa. Wa aka ba shugabancin kwamitin? Kansilan mazaɓar da abin ya shafa, mana! Da muka fito na yi dariya har sai da Baba ya tsorata. Kwamitin nan zama ɗaya ya yi, aka sha lemo aka watse.

Daga nan na daina zuwa sakatariya, na koma jira. Ban daina gaishe shi ba, a'a, gaisuwata ma ƙaruwa ta yi. In ya wuce a mota in ɗaga hannu biyu in ce, "Ranka ya daɗe, Honorabul!" Da injinsa ya lalace ya aiko, na gyara masa tsaf, gyaran da ban yi wa kowa ba. Ba na son ya ce ga abin da na yi masa. Ban taɓa roƙon Allah ya kashe shi ba. Abin da nake so shi ne ya daɗe, yana da ransa da hankalinsa, kara ya fito daga gidansa ya faɗo hannuna.

Maiɗakina ta gane. Takan ce, "Malam, ka bar wa Allah mana. Wannan abin zai ci ka."

In ce, "Na bar masa. Ina dai tsaye kusa ne in ga yadda zai yi."

Bayan ambaliyar mun koma tudu muna cike 'yan guraben da suka rage, har ya cika, sai abin da ba a rasa ba. Dole layi ya sake gangarowa kwari. Muka ɗan tayar da jinga da hannunmu, ta ƙasa zalla, wadda mu kanmu mun san wasa ce. Muka ci gaba da sa mutane a wurin. Duk wanda aka kawo nasa sai ya dubi fadama ya dube mu, mu sunkuyar da kai. Honorabul ya halarci wasu jana'izojin ma, yakan tsaya daga sama-sama inda takalminsa ba zai ɓaci ba, a shafa fatiha ya shige mota.

Wata safiya farkon damina, an kwana ana ruwa, ina zaune ina kwance kafireto, sai na hango ƙanin Honorabul ya doso rumfata. Da kara a hannunsa.

Karan gajere ne. Ya ce, "Hajiya ce, da asuba." Yakumbo. Na yi salati, kuma wallahi na ji mutuwar nan har cikin ƙashina, don matar nan ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Bayan rasuwar Inna ita ce ke aiko mini da yajin daddawa irin wanda na saba. Hawaye ya zubo mini. Amma ina sharewa ina jin wani abu yana tasowa daga cikina, mai ɗumi, wanda na daɗe ina jira. Na ɗaga kai na dubi bututun nan a rufi, na ɗauki diga.

A ƙofar makabarta yaron ya ce, "Yaya ya ce a haƙa a sama, kusa da Alhaji, gindin tsamiya." Alhaji mahaifinsu ne. Akwai gurbi a wurin kuwa, mu duka mun sani. Baba har ya juya ya nufi tudu, don abin da aka saba ke nan.

Na ce, "Baba, ina za ka? Layi yana kwari."

Ya tsaya ya dube ni. Na wuce abina na gangara, na je daidai inda muka tsaya shekaranjiya, kusa da wata baiwar Allah mai sayar da ƙuli. Na kwantar da karan a ƙasa, na ja zane a kai da ƙafa. Masunci ya biyo ni. Mai shayi ya biyo. Malam ya ɗan tsaya yana gyara tabarau, sannan shi ma ya gangaro. Baba ya zauna a kan dutse ya ce shi tsoho ne, ba ya haƙa, inda masu diga suka sara nan ne.

Yaron ya koma da gudu. Ba mu kai gwiwa ba sai ga motar Honorabul. Ya fito ba hula, idanu jajur, ya gangaro har kwari, yau ba ruwansa da takalmi. Mutane sun fara taruwa a bayansa, don labari ya riga ya zaga gari.

Ya ce, "Ɗan'uwa, me ke nan? Ba a gaya maka ba ne?"

Na ce, "Allah ya ji ƙan Yakumbo, Honorabul. Allah ya ba mu haƙuri. An gaya mini. Layi ne ya zo nan."

"Akwai wuri kusa da Alhaji."

"Akwai. Akwai shi ranar da aka kawo mai ƙuli ma."

Ya rage murya. "Don Allah, don Annabi. Uwata ce. Kai ma uwarka ce, ka sani. Nan wurin ba shi da tabbas."

Na ce da ƙarfi, yadda na baya za su ji, "Wane wurin ne ba shi da tabbas? Nan? Ai kai ne shugaban kwamiti, in da matsala da ka faɗa mana tuntuni."

Sai wani daga cikin taron, mijin mai ƙulin nan, ya ce, "Honorabul, mu da aka sa namu a nan, ba mutane ba ne?" Wani ya amsa, wani ya ƙara. Ba wanda ya ɗaga murya sosai, makabarta ce, amma gunagunin ya isa. Ya waiga ya ga fuskokin, kusan kowa a wurin yana da nasa a kwarin nan, na da ko na yanzu. Yana iya ɗauko 'yan ƙwadago su haƙa masa a tudu, ba wanda zai riƙe musu hannu. Amma a gaban wa? Ga baƙi sun fara isowa daga Haɗeja da Kaugama, ga gawa an gama wanka, rana tana ɗagawa, ba a ajiye mamaci ana jayayya. Aka aika wa liman, ya aiko da cewa ƙasa duk ta Allah ce, a gaggauta.

Honorabul ya matso bakin ramin, ina ciki har ƙugu. Ya durƙusa, babbar rigarsa a cikin laka, ya ce a hankali, "Ruwa zai ci ta. Ka san zai ci ta."

Na jingine diga. Na share hannuna a wando, na miƙa na dafa kafaɗarsa, daidai inda ya dafa tawa.

Na ce, "Haba ɗan'uwa. Ai ba za ta san ana ruwa ba."

Na ga lokacin da ya tuna. Bakinsa ya buɗe, ya kasa rufewa. Na daɗe a duniya, na ci abinci mai daɗi, na ga haihuwar 'ya'yana, amma ban ɓoye maka ba, daɗin da na ji a wannan lokacin daban ne. Ya tashi da ƙyar ya hau sama, ba wanda ya taimaka masa.

Kabarin Yakumbo kuwa ban taɓa haƙa mai kyansa ba. Ni na gyara ƙaramin ramin da hannuna, na goge gefensa sumul, na zaɓo itatuwan rufi masu ƙwari, na cuɗa laka na toshe kowace kafa. Da aka kawo ta ni na karɓi wajen kai. Na yi mata addu'a da zuciya ɗaya. Ba da ita nake yi ba, kuma na tabbata da za ta iya magana, ɗan nata za ta fara ja wa kunne.

Ko sadakar bakwai ba a yi ba, sai ga tifofi. Ashe akwai tifa a ƙaramar hukumar nan! Ashe akwai katafila, ashe akwai buhuna sababbi fil, ashe mota tana iya shiga caɓi. Kwamitin da ya mutu ya tashi, har da su zama ranar Asabar. Aka yi shelar gayya, gari ya fito. Na ga Honorabul da idona, ya naɗe wando zuwa gwiwa, buhu a ka, laka har gira, tumbi na rawa, yana haki yana cewa a yi sauri. Ranar farko ban ɗaga ko tsinke ba. Na shimfiɗa buhu a gindin tsamiya kusa da Alhajinsu, na sayi rake, na zauna ina sha ina kallo. Duk sawun da ya yi in ce, "Sannu da aiki, Honorabul!" Washegari na shiga aikin, don akwai mai ƙuli da sauran bayin Allah a wurin.

Jingar ta tashi ta fi tsayina. Ruwa ya zo a shekarar, ya daki gindinta ya koma. Har yanzu tana nan, duk shekara ana ƙara mata ƙasa kafin a roƙa. Mutane suna cewa Allah ya saka wa kansila, ya yi aikin da ba a taɓa yi ba. Ina ji, ba na cewa komai. Maiɗakina ta ce, "To ai shi ke nan, ka rama, gari ma ya amfana. Sai ka huce." Na ce mata to.

Amma duk Juma'a ina ganinsa. Yana shigowa ya nufi wurin Yakumbo kai tsaye, an kafa mata ƙarfe mai fenti, ya tsaya ya ɗaga hannu, ya san a kan wa yake tsaye. Ni kuwa sai in gangara kwari in yi ta zagaye. Wannan makon in tsaya nan, in ce kamar nan ne, daidai da waccan giginyar. Mako mai zuwa in ga kamar na yi gaba da yawa. Wani lokaci in je bakin babban ramin da muka haɗa su. Mun ma sa wasu sababbi a inda nake zato, wataƙila a kanta. Ina yin addu'ar ina waige-waige kamar wanda ya ɓata a kasuwa.

Bara, bayan ya sauka daga kujera, ya zo rumfata da yamma shi kaɗai, a ƙafa. Ya rame. Ya zauna a kan wani mataccen inji, muka gaisa, yana wasa da carbi. Can ya ce, "Ɗan'uwa, girma ya zo mana. Abin da ya faru ya faru. Na yi kuskure, na sani. Ka yafe mini don Allah."

Na miƙe na zaro bututun nan daga rufi. Rana ta cinye shuɗin, ya koma fari-fari, har yanzu da busasshiyar laka a cikinsa. Na kaɗe ƙurar na miƙa masa, ya karɓa yana jujjuyawa, bai gane ba.

Na ce, "Na kan Inna ne. Je ka kafa mini shi a wajen kanta. Ranar da ka kafa shi daidai, ka zo ka kira ni in gani, na yafe maka duniya da lahira."

Ya dubi bututun, ya dube ni. Sannan ya tashi ya tafi da shi a hannu, ko sallama bai yi ba.

Ƙaninsa ya ce mini yana nan a ɗakinsa, a bayan ƙofa. Bai dawo da shi ba, bai kuma zo ya kira ni ba.